Minti Biyar a Bakin Kwalbati

A kira wurin tasha ma an yi masa kara. Ƙafafun ƙarfe huɗu ne da fallen kwano uku a sama, ɗaya daga ciki iska ta ɗage masa baki tun bara, har yau ba wanda ya hau ya danne shi. A ƙarƙashi akwai benci ɗaya, na mutum biyar in masu haƙuri ne, na mutum uku in an haɗu da mai jiki. Babu agogo, babu tagar sayar da tikiti, babu bayi. Wanda ya matsu sai ya tsallaka titi ya roƙi maigadin makaranta. Mota kan zo lokacin da ta ga dama, ta tashi lokacin da direba ya ga dama. Amma shekara ashirin da tara ke nan Inna Mai Ruwa tana zaune a gefen wannan benci, kan 'yar kujerarta, da kularta mai shuɗin murfi, kuma duk wanda ya kuskura ya ce a gabanta wurin ba tasha ba ne, ranar sai dai ya nemi ruwan sha a wani wuri.

Da wannan kula ta raini ɗanta Auta bayan rasuwar mahaifinsa. A ƙarƙashin bencin ya yi rarrafe, a jikin ƙarfen rumfar ya koyi tsayuwa, har ya girma ya koyi gyaran inji, wani kamfanin yin hanya ya ɗauke shi aiki, yau ana wannan daji gobe ana wancan. Ya kuma auri 'yar Malama, wato Malamar da ta shekara talatin tana koyarwa a makarantar tsallaken titi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita a gida. Yarinyar ba ta da aibu. Malama ma, in za a faɗi gaskiya, ba ta da aibu, kuma abin da ya fi ci wa Inna rai ke nan. Da mace ce mai ɗaga hanci, da Inna ta samu abin kamawa, ta yi ta mita har ta huce. To ina! Mace ce mai fara'a, mai gaishe ka kafin ka gaishe ta, kuma ba ta taɓa kiran Inna da wani suna ba sai Yaya, alhali shekara biyu ce kacal tsakaninsu.

Abin ya faro ne daga waya. Ta Inna 'yar ƙarama ce mai maɓallai, wadda wani lokaci sai an fita da ita bakin titi an ɗaga sama kafin ta kama. Ta Malama kuwa mai faɗi ce, mai hoto. Don haka duk wani labari na Auta ta gidan Malama yake biyowa. Ranar da matarsa ta haihu, wata huɗu da suka wuce, Malama ce ta tako da sandarta har tasha, tana haki tana dariya, ta ce, "Yaya, albishirinki, mun samu mace!" Inna ta yi murna, wallahi ta yi murna, har ta raba wa mutanen benci ruwa kyauta. Amma da ta koma gida ta zauna bakin gado, sai murnar ta koma ciki. 'Yar da ɗanta ya haifa, sai a bakin wata za ta ji? Hoton ma a hannun Malama ta gan shi, Malama tana riƙe da wayar tana cewa, "Kar ki taɓa nan, zai gudu."

Bayan 'yan kwanaki aka ce sunan Malama aka sa wa yarinyar. Tun daga ranar Malama ba ta da zance sai takwarata: takwarata ta hana su barci, takwarata ta fara riƙe kai. Shi kuma Auta, wanda Inna ta goya cikin rana tana bin tagogin motoci da ruwa, yanzu bakinsa ya iya faɗin "Mama" da wani laushi da bai taɓa yi wa "Inna" ba. Ko dai kunnenta ne yake ji mata haka, oho. Ita dai haka take ji, kuma kishi ne, ta san sunansa, ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran Lahadi da yamma Malama ta sake zuwa da wani albishir. An yi wa Auta canjin wurin aiki, daga can ƙarshen hanya ta kudu zuwa can ƙarshenta ta arewa, kuma doguwar motar da za su shiga ta gaban tashar nan za ta wuce ran Talata, wajen ƙarfe uku na rana. Ba za su sauka ba. Motar sau ɗaya take wucewa a yini, shi kuma dole Laraba da safe ya bayyana a wurin aiki. Amma ya roƙi direba, direba ya yi masa alkawarin minti biyar.

"Ya ce ya yi ta neman wayarki ba ta shiga," in ji Malama.

"Haka ne," in ji Inna. "Wayata ba ta shiga."

Kaka biyu, jika ɗaya, minti biyar, kuma Allah kaɗai ya san shekarar da za a sake ganinsu. Kwana biyu Inna tana juya abin a ranta, kuma duk ta inda ta juya shi iri ɗaya yake fitowa. Ƙofa za ta buɗe, 'yar Malama za ta faɗa jikin uwarta da jaririyar a hannu, a yi kuka, a yi dariya, a ce ga takwara ga takwara, ita kuma tana gefe da hannu a buɗe kamar mai jiran canji. In ta ci sa'a a miƙa mata yarinyar daidai lokacin da direba ya danna hon.

Ran Talata Inna ba ta taɓa ƙanƙara da hannunta ba. Mai faci, wanda rumfarsa ke 'yan taku a bayan tasha, shi ta roƙa ya fasa mata ya zuba a kula, don kar hannunta ya yi sanyi ya firgita jaririya. Tun a gida ta goge kaushin tafinta da dutse, ta yanke farce, ta shafa mai har sau uku, ta ɗaura zanen da ta daɗe tana ajiya a ƙasan akwati.

"Inna, yau ministan ruwa ne zai wuce?" in ji Mai faci, yana kallon zanen.

"Wadda ta fi shi ce za ta wuce," ta ce. "Fasa mini ƙanƙara ka bar surutu."

Ƙarfe ɗaya da rabi tasi ta sauke Malama da sandarta da wata jaka a kafaɗa. Mutum uku ne a kan benci, su ukun suka miƙe lokaci ɗaya suna ba ta wuri. Ɗayansu, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, har da rusunawa, wai ita ta koya masa rubutu. Shekara ashirin da tara Inna take a wurin nan ba wanda ya taɓa tashi dominta, sai dai a ce Inna matsar da kula in ajiye kaya. Malama ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar hula rawaya da ta saƙa da hannunta, da safa iri ɗaya. Aka yi ta miƙa hular hannu zuwa hannu ana yabawa.

"Ta takwarata ce," in ji Malama. "Sati uku ina kanta, ido ba kamar da ba."

Inna ma ta zo da nata: ɗan tawul ne mai hoton agwagwa da ta saya a kasuwa, yana cikin leda a ƙarƙashin kujerarta. Ta sa diddige ta ƙara tura shi ciki.

"Yaya, na yi tunani," in ji Malama, tana linke hular a cinya. "Ke za ki fara ɗaukarta. Ke ce babba, kuma 'yar ɗanki ce. In kin gama sai ki ba ni, ko minti ɗaya ne ya ishe ni."

Da wata ce ta ji wannan sai ta yi godiya. Inna kuwa ji ta yi kamar an watsa mata ruwan kula a gadon baya. Wato har rabon ma a hannun Malama yake? Ita ce mai bayarwa, Inna mai karɓa? Jikarta ce za a yi mata sadaka da ita a gaban jama'a, ga mutanen benci har suna gyaɗa kai suna cewa kai, Malama akwai kirki?

"Allah ya saka da alheri," ta ce. Ta buɗe kula ta rufe ba tare da ta ɗauki komai ba.

To akwai wani abu game da wannan tasha da sai mai yini a cikinta ne ya sani. Ƙananan motoci a gaban rumfa suke tsayawa. Doguwar mota kuwa, tun damina biyu da ruwa ya cinye gefen kwalta ya bar gaɓa, ba ta iya sauka a nan, cikinta zai daki ƙasa. Sai ta wuce rumfar, ta wuce shagon mai walda, ta wuce filin ƙwallo, ta je can bakin kwalbati inda gefen hanya yake a shimfiɗe. Taku ɗari uku ne da ɗoriya. Inna ta sha auna shi da tire a ka. Mai lafiyar ƙafa minti uku ya ishe shi, mai sanda kuwa ko goma ba lallai ba. Malama ba ta san wannan ba. Ita duk tafiyarta ta asibiti ce, a ƙaramar mota.

"Auta ya ce kar in damu da komai, in zauna kusa da ke kawai, ke kin san kan wurin nan," in ji Malama. "Nan gabanmu za ta tsaya, ko?"

Inna ta kalli titi. Ba da wata niyya ta fito daga gida ba, wannan kam za ta iya rantsewa. Maganar ma tana kan harshenta: tashi mu fara takawa a hankali, mu je mu zauna can. Sai idonta ya sauka kan hular rawaya.

"Tasha dai ga ta nan," ta ce.

Kuma ai ba ƙarya ta yi ba, haka ta gaya wa kanta. Tasha ga ta nan. In lokaci ya matso za ta faɗa.

Wajen biyu da rabi wata ƙaramar mota ta kwashe mutanen benci, aka bar su su biyu. Mai faci ya zo neman ruwan da zai gwada tube ɗin taya, ya sunkuyo kusa da kunnen Inna ya ce a hankali, "Inna, ku fara takawa fa. Kin ga ƙafar Malama."

"Na sani, ɗan nan. Da sauran lokaci. Ka taɓa ganin doguwa ta zo a kan lokaci?"

Ya yi dariya ya koma bakin aikinsa.

Malama kuwa bakinta bai zauna ba, murna ta hana. Ta shiga ba da labarin Auta yana aji uku a hannunta, yadda yake kwance bayan agogon bango ya mayar da shi ya tashi, yadda yake barci a darasin ƙarshe ita kuma ta ƙyale shi don ta san da asuba ya tashi ɗibar ruwa. "Tun lokacin na san za a yi mutum," ta ce. Inna ta yi murmushin dole. Ashe ko ƙuruciyarsa ma ba tata ba ce ita kaɗai. A nan ma Malama tana da kaso.

Amma fa Inna ba dutse ba ce. Da Malama ta fito da ƙwayar magani, ta murza gwiwa tana cije leɓe, Inna ta fasa mata ruwa ta miƙa, sai zuciyarta ta yi laushi. Me matar nan ta yi mata? Ba komai. Ta gyara murya, ta buɗe baki za ta ce Malama tashi mu je. Daidai lokacin waya ta yi ƙara.

Ta Malama ce. Ta Inna tana kan cinyarta, a kunne, layukan nan duk a cike, don tun safe take dubawa.

"Mama, mun kusa!" Muryar Auta ce, har Inna tana jiyowa. "Mun wuce kasuwar shanu. Mama, ki shirya, takwararki na nan tafe!"

"Muna nan, muna nan! Ga Innarka ma ku gaisa..." Malama ta miƙo wayar, amma kafin ta iso hannun Inna layin ya yanke.

Inna ta mayar mata da wayarta. Bakin da ta buɗe ɗazu ta rufe shi ruf.

Kunnenta ne ya fara jiyo motar. Can bayan gari akwai hawan gada, kuma doguwa ba ta hawa sai ta canza giya da wani irin nishi da ba mota mai yinsa sai ita. Daga wannan nishi zuwa tasha minti huɗu ne. Inna ta miƙe, ta kaɗe zane, ta ɗauki ruwan leda biyu daga kula.

"Bari in miƙa wa mai walda ruwa."

"Yi sauri, Yaya, kar ta zo ba kya nan," in ji Malama. "In ta riga ki ma zan riƙe miki direban, ba inda za shi."

Inna ba ta waiwaya ba. Ta fara da tafiyar mai kai ruwa, a hankali, har ta zo daidai shagon mai walda, wanda ƙofarsa take garƙame da kwaɗo tun safe. Daga nan ta ɗaga ƙafa. Ta wuce filin ƙwallo kusan da gudu, ruwan sanyin da ta yi ta kaffa-kaffa da shi duk yini yana ɗiga a hannunta. Ta isa bakin kwalbati, ta ajiye ledojin a kan siminti, ta goge tafi a zane. Sai a lokacin ta tuna ta baro tawul.

Motar ta taho tana gurnani, ta wuce rumfa ko rage gudu ba ta yi ba. Inna ta hango Malama ta miƙe da kyar, ta ɗaga hular rawaya tana kaɗawa, ta ga hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali. Sai motar ta shiga tsakaninsu, ta ja birki, ta tsaya daidai ƙafar Inna kamar yadda ta saba.

Ciki cike yake maƙil, har hanyar tsakiya buhuna ne da akwatuna. Auta ne ya fito, yana tsallake kaya, da ƙunshin farin zane a ƙirjinsa. Ya rame, rana ta ƙona shi, ya tara gemu. Matarsa ba ta samu hanyar fitowa ba. Tana can kujerar baya, ta zuro kai ta taga.

"Inna!" Ya durƙusa a gaggauce, ya miƙe, ya sa mata ƙunshin a hannu. "Ga ta nan. Ga jikarki."

Ɗumi ta fara ji, sannan nauyi, nauyin da ya fi yadda ta zata. Ta kwantar da ita a kafaɗa. Ita kaɗai, ba mai jira a gefe, ba mai cewa riƙe kan da kyau. Abin da ta kwana biyu tana nema ya zo hannunta, kuma daɗin da ta ji ba kaɗan ba ne.

"Inna, ina wuni? Mun same ku lafiya?" in ji matar Auta daga taga, idonta yana yawo. "Inna, ina Mama?"

"Tana tafe."

Duk suka juya. Can nesa Malama ta baro rumfa, jaka a kafaɗa, sanda a gaba, tana jan ƙafar mai ciwo. Daga inda suke kamar ba motsi take yi ba.

"Ba tare kuke ba?" in ji Auta.

"Ruwa na kawo wa mai walda, sai ga ku."

Auta ya kalli ledoji biyu a kan kwalbati, ya ɗaga ido ya kalli shagon mai walda can baya da kwaɗonsa. Ya ruga tagar direba.

"Maigida, don Allah ɗan ja da baya kaɗan, surukata ce, ƙafa ke damunta."

"Da baya? A kan babban titi, da mutum sittin a ciki?" in ji direba. "Minti biyar na ce maka, malam, kuma biyu sun tafi."

Auta ya dawo da hannu a miƙe. "Inna, kawo ta in ruga in kai wa Mama, ko gani ne ta yi."

Abin da ya faru a rumfa ana iya cewa rauni ne na ɗan Adam, baki ya yi nauyi, lokaci ya ƙure. Wannan kam ba haka ba ne. Inna ta juya kafaɗa, ta ƙara matse yarinyar a jikinta.

"Ka ruga da jaririya a bakin titi, manyan motoci na wucewa? Ba da ni ba. Ga ta nan tafe, yanzu za ta iso."

"Gaskiyar tsohuwa," in ji wata mata daga taga. "Maza ba ku da hankali."

Hannun Auta ya sauka. Ya tsaya tsakanin ƙofar mota da titi, ya yi taku biyu gaba, direba ya taɓa hon, ya dawo.

Mai faci ne ya jefar da tube ya ruga. Ya karɓi jakar Malama, ya riƙe mata gwiwar hannu, suka ɗan ƙara sauri. Ga su daidai shagon mai walda. Malama ta tsaya, ta dafa sanda da hannu biyu, ta ja numfashi, ta ci gaba. Ga su a farkon filin ƙwallo. Ta sake tsayawa. Matar Auta ta fito da rabin jikinta ta taga tana ihu, "Mama, yi a hankali! Mama, yi sauri!" ita kanta ba ta san wanne take so ba. Inna ma ba ta sani ba. Wani sashe na ranta yana cewa Allah ka iso da ita, wani sashen yana auna abin da ya rage na hanya da ƙarar injin. Hannunta yana jijjiga yarinyar da kansa, irin jijjigar da hannun uwa ba ya mantawa. A tsakiyar fili takalmin Malama ɗaya ya fita, ba ta tsaya ɗauka ba, ta taho da ƙafa ɗaya a kan tsakuwa.

Direban nan, a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Biyar ya ce, ya ba da bakwai. Amma fasinjoji sun fara dukan jikin mota, wani yana cewa shi ma yana da uwa, kuma dare zai yi musu a hanya. Direba ya danna hon mai tsawo, ya taka giya, motar ta yi gaba taku ɗaya ta tsaya. Malama saura kamar taku arba'in.

Wannan karon Auta bai roƙa ba, Inna kuma ba ta hana ba. Ya zare yarinyar daga kafaɗarta, ya sa ƙafa a matakalar mota, sannan ya juyo. Bai ɗaga murya ba. Ita kaɗai ta ji.

"Inna, ni ma fa a tashar nan na girma."

Ƙofa ta rufe. A ciki aka yi ta miƙa jaririyar ta saman kawuna, hannu zuwa hannu, don ta kai wurin uwarta a baya. Kafin a ɗaga ta a gilashin baya motar ta yi nisa, rana kuma tana dukan gilashin, ba abin da ake gani sai ƙyalli. Muryar matar Auta ce kawai ta ɗan rage a iska, tana kiran Mama.

Malama ba ta fasa tafiya ba. Sai da ta cika takun nan arba'in, ta iso inda tayar motar ta bar sawu, sannan ta zauna a kan kwalbati. Gumi ya jiƙa mata gyale, ƙafar da ba takalmi ta yi fari fat da ƙura, hular tana nan a hannunta, ta cukurkuɗe. Mai faci ya ajiye jakar, ya koma ya ɗauko takalmin ya ajiye a gabanta, ya yi tafiyarsa. Ko inda Inna take bai kalla ba.

Malama ta mayar da numfashi.

"Ashe nan take tsayawa," ta ce.

Inna ta kalli ledojin ruwan nan biyu a kan siminti.

"Allah ya sa kina kusa, Yaya. Da duk mu biyun mun rasa."

Inna ta saci kallon fuskarta tana neman zargi. Matar da ta shekara talatin tana kama ƙaryar yara, a ce ba ta gane ba? Amma ba ta ga komai ba sai gajiya da jan ido. Ko ba ta gane ba, ko ta gane ta haɗiye, kuma Inna ba ta san wanne ya fi muni ba. Da mari ta kwaɗa mata da ya fi mata sauƙi.

"Matso," in ji Malama.

Inna ta matso, ta zauna a gefenta. Malama ta kamo kafaɗarta ta hagu, inda bakin yarinyar ya bar ɗan danshi a jikin riga, ta kai hancinta wurin, ta lumshe ido, ta shaƙa. Ta sake shaƙa. Hawaye suka gangaro, amma dariya take yi.

"Ƙanshinta ke nan," ta ce. "Allah sarki, ƙanshinta ke nan." Ta share ido da hular, ta gyara zama, ta juyo gaba ɗaya kamar mai shirin jin labari. "To ba ni. Yaya take? Ta yi ƙiba? Gashin ya fito? Wa ta ɗebo, ku ko mu? Idonta biyu ko barci take?"

Inna ta buɗe baki.

Ta san sau nawa Malama ta tsaya hutawa a hanya, sau huɗu. Ta san daidai inda takalmin ya fita, ta san da wane hannu Mai faci ya riƙe ta, ta san yadda sandar take nutsewa a yashin bakin fili. Duk wannan yana nan a idonta tar. Ta nemi fuskar yarinyar, ta sake nema. Minti bakwai tana riƙe da ita a kafaɗa, ko sau ɗaya ba ta juyo da ita ta buɗe zanen ba.

Malama tana jira, da murmushi a fuska.

"Gaya mini mana, Yaya," ta ce. "Ke kaɗai kika gan ta."